Tarihin Madhubala: Yarinyar da ta ciyar da gidansu tun tana shekara 9, ta rasa masoyinta a gaban alƙali

A watan Fabrairu aka haifi jarumar fina-finan Indiya Madhubala, a cikinsa kuma ta rasu, shi ya sa na ga ya dace in kawo muku tarihinta a wannan makon.

Ni dai na fara ganin fuskarta ne a ɗakin wata gwaggona a Agege, zamanin da ake yayin kaset na bidiyo. Ran Lahadi da yamma, idan an tashi daga sana'ar abinci, matan gidan sukan haɗa kuɗi a karɓo kaset haya, a saki labule, mu yara mu baje a ƙasa gaban talabijin. Mazan gidan kuwa sai dai su leƙo su yi mana burga, wai su a Pen Cinema suka saba kallon Indiya tun kafin a haife mu. Fim ɗin da aka fi maimaitawa shi ne Mughal-e-Azam. Babu mai jin Indiyanci a cikinmu, ba a kuma fara fassara zuwa Hausa ba tukuna, amma da zarar an zo wurin da aka ɗaure baiwar nan Anarkali da sarƙa aka jefa ta kurkuku, sai ɗakin ya yi tsit, gwaggo ta shiga share hawaye da gefen mayafinta.

Sai da na girma na fara karance-karance sannan na san abubuwa uku da gwaggo ba ta sani ba. Sarƙar nan ta ƙarfen gaske ce. Wadda aka ɗaure da ita tana fama da ciwon zuciya a lokacin. Shi kuma yariman da take kallo cikin so, shi ne mutumin da take so a zahiri, amma sun kai matsayin da ko gaisawa ba sa yi.

Haihuwa da tasowa

An haife ta a birnin Delhi ranar 14 ga Fabrairu, 1933, aka raɗa mata suna Mumtaz Jehan Begum. Mahaifinta Ataullah Khan ɗan ƙabilar Pashtun ne, waɗanda Indiyawa ke kira Pathan, asalinsu daga yankin Peshawar da ke cikin Pakistan a yau. Sunan mahaifiyarta Ayesha Begum. Su 11 aka haifa a gidan, ita ce ta biyar, kuma da dama daga cikinsu sun rasu tun suna ƙanana. Uban yana aiki ne a kamfanin taba na Imperial Tobacco, ana nan sai aikin ya kuɓuce masa. Ga iyali jingim, ga shi babu abin sawa a bakin salati.

Mumtaz ba ta yi makarantar boko ba. A gida ta tashi da Urdu da Hindi da yaren mahaifinta, Turanci kuwa sai da ta zama budurwa ta koya. Amma tun tana 'yar mitsitsiya take da son tsayawa gaban madubi tana kwaikwayon 'yan fim. Tana da kimanin shekara 7 ta fara waƙa a shirin yara na gidan rediyon All India Radio da ke Delhi, kuma a nan ne wani babban jami'in kamfanin fim na Bombay Talkies ya gan ta, ya ba uban shawarar ya kai ta Bombay, wato Mumbai ta yanzu.

Bombay birni ne na bakin teku, matattarar masu neman abinci daga kowace kusurwa ta Indiya. Duk wanda ya taɓa sauka daga bayan tirela a Mile 12 ko Alaba Rago da 'yar jakarsa, bai san inda zai kwana ba, zai gane halin da Ataullah Khan ya shiga. Bambancin kawai shi ne jarin da ya zo da shi 'yarsa ce. Ya riƙe hannunta suna bin ƙofofin situdiyo ɗaya bayan ɗaya, har Allah ya sa aka ɗauke ta a fim ɗin Basant na 1942, inda ta fito a matsayin 'yar jarumar fim ɗin. Shekararta 9. Fim ɗin ya yi kasuwa sosai, aka fara kiranta Baby Mumtaz. Daga baya kamfanin Ranjit Movitone na Chandulal Shah ya ɗauke ta kwantiragi a kan rupi 300 duk wata. Da wannan albashin ake biyan haya, da shi ake cefane. Tun daga ranar har ta koma ga Mahaliccinta, ita ce mai riƙe da gidan.

Ranar da tashar jirgin ruwa ta fashe

Ranar 14 ga Afrilu, 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wuta ta kama wani jirgin ruwan Ingila mai suna Fort Stikine a tashar Bombay. A cikinsa akwai dilolin auduga da zinare da tarin nakiyoyi. Jirgin ya yi bindiga har sau biyu, ɗaruruwan mutane suka mutu, unguwannin talakawa da ke kusa da tashar suka ƙone ƙurmus. 'Yan Legas da suka ga abin da ya faru a barikin Ikeja a watan Janairun 2002 ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani.

Ɗakin da su Mumtaz ke haya yana cikin waɗanda suka rushe. Abin da ya tserar da su shi ne a daidai lokacin sun tafi sinima kallon fim. Suka dawo suka tarar ba gida ba kaya, sai suturar da ke jikinsu. Yarinya 'yar shekara 11 ta koma gaban kyamara, domin a sake tada komaɗa daga tushe.

Daga Baby Mumtaz zuwa Madhubala

A 1947, shekarar da Indiya ta samu 'yancin kai aka kuma raba ta da Pakistan, darakta Kidar Sharma ya ba ta matsayin babbar jaruma a fim ɗin Neel Kamal. Shekararta 14. Abokin wasanta wani saurayi ne da shi ma a lokacin ya fara fitowa a matsayin jarumi, wato Raj Kapoor. A wannan tsakanin ne aka sauya mata suna, kuma galibin masu tarihi sun ce Devika Rani, tsohuwar shugabar Bombay Talkies, ita ta zaɓa mata Madhubala. Ma'anarsa kusan a ce yarinyar zuma. A wancan zamani Musulmi da yawa a masana'antar sukan ɗauki irin wannan suna saboda kasuwa. Meena Kumari ma ai sunanta na yanka Mahjabeen.

Fim ɗin da ya ɗaga ta sama shi ne Mahal na 1949, wanda Kamal Amrohi ya ba da umarni, ta fito tare da Ashok Kumar. Labarin wani tsohon gida ne da wata mace da ake zaton fatalwa ce tana yawo da kyandir cikin dare. Fim ɗin ya fito da mutum biyu a lokaci guda: Madhubala mai shekara 16, da wata matashiyar mawaƙiya, Lata Mangeshkar. Daga nan furodusoshi suka yi layi a ƙofar gidansu. A 1951 mujallar Life ta Amurka ta turo mai ɗaukar hoto, James Burke, ya ɗauke ta. A 1952 wata mujallar Amurkan, Theatre Arts, ta yi dogon rubutu a kanta, tana cewa tauraruwar da ta fi kowace girma a duniya ba ma a Amurka take zaune ba. Shahararren daraktan Hollywood Frank Capra da ya zo Bombay ya so a tattauna batun kai ta can, uban ya ce a kai kasuwa.

To a nan ya kamata in tsaya kan Ataullah Khan, don ba za a gane sauran labarin ba sai an gane shi. Shi ne manajanta, shi ke karɓar kuɗi, shi ke sa hannu a kwantiragi. Ya kafa dokoki: ba ta zuwa fati, ba ta zuwa bukukuwan 'yan fim, ɗan jarida ba ya shiga wurin da take aiki, da safe ta fita a kan lokaci, kafin dare ta dawo gida. 'Yan jarida suka ji haushi suka yi ta caccakarsu a farkon shekarun 1950. Wasu na ganin kariya ce irin ta uba da ya san halin masana'antar, wasu na ganin gadin rumbu ne kawai. Ni a ganina duka biyun ne. Mutumin da ya binne 'ya'yansa cikin talauci, ya ga gidansa ya zama toka, ba ƙaramin abu ne zai sa ya saki abin da ya fitar da shi daga wannan hali ba. Ita kuma tana ƙaunarsa, tana jin maganarsa, ba a taɓa jin ta fito ta kushe shi ba.

Shigowar Dilip Kumar

Ƙanwarta Madhur Bhushan, wadda ta yi ta ba da labarin gidan bayan shekaru, ta ce an ɗan yi shaƙuwa tsakanin Madhubala da jarumi Premnath lokacin da suke fim ɗin Badal, amma abin bai yi nisa ba saboda bambancin addini. Soyayyar da ta kama ta da gaske ta zo ne a wannan shekarar ta 1951, a wurin ɗaukar fim ɗin Tarana.

Dilip Kumar ne jarumin. Shekararsa 28, ita 18. Sunansa na yanka Muhammad Yusuf Khan, haifaffen Peshawar, ɗan wani mai fataucin kayan marmari, kuma shi ma Devika Rani ce silar sunan da duniya ta san shi da shi. Kun ga ke nan addini ɗaya, tushe ɗaya, sana'a ɗaya. Da a garinmu ne, da tsofaffi sun ce wannan ai tuwona maina. A fim ɗin ya fito a matsayin likitan da jirginsu ya faɗi kusa da wani ƙauye, ita kuma 'yar wani makaho da ya sauka a gidansu. Labarin da aka fi yawan bayarwa shi ne ita ta fara, ta aika masa da jan fure da 'yar wasiƙa da Urdu ta hannun mai gyara mata gashi, shi kuma ya karɓa.

Halinsu ya bambanta. Shi mutum ne mai nauyin baki, mai yawan tunani, wanda saboda yawan fitowa a fina-finan baƙin ciki har laƙabin sarkin tausayi aka yi masa. Ita kuwa sarkin dariya ce. Abokan aikinta sun sha faɗin yadda dariya ke kama ta ana tsakiyar ɗauka, a yi ta jira sai ta gama. Yarinyar da ba ta yi wasan ƙasa ba, ba ta da ƙawayen makaranta, rayuwarta daga gida sai situdiyo, yau ga ta ta samu wani abu da yake nata ita kaɗai, wanda ba uba ne ya sa mata hannu a kansa ba. Suka yi Sangdil a 1952, suka yi Amar na Mehboob Khan a 1954. A 1955 ta karya dokar gidansu ta fito bainar jama'a tare da shi a bikin fara nuna fim ɗinsa Insaniyat, 'yan jarida suka yi caa. Kowa a Bombay ya ɗauka saura sa rana.

Jini a Madras

Ana cikin wannan daɗi, a 1954, ta tafi Madras, wato Chennai, aikin fim ɗin Bahut Din Huwe na S. S. Vasan. A can ta fara aman jini. Likitoci suka duba suka gano an haife ta da huji a zuciya.

Bari in ɗan yi bayani yadda na fahimta. Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu sama biyu ƙasa, kuma akwai bango tsakanin na ƙasan. Idan bangon yana da huji, jinin da ya kamata ya tafi sassan jiki sai wani kaso ya riƙa komawa huhu. Shekara da shekaru ana haka, jijiyoyin huhun sukan yi tauri, numfashi ya riƙa wuya, har a kai inda ko an toshe hujin ba zai yi amfani ba. Wani abin tausayi shi ne a wannan shekarar ta 1954 ne wani likita a Minnesota ta Amurka, Walton Lillehei, ya fara buɗe zuciyar yara yana ɗinke irin wannan huji. Ilimin yana jariri a lokacin, ita kuma ta riga ta kai shekara 21 da ciwon. A yau kam ana yi wa yara wannan aiki har a nan Legas da Ibadan, in an gano da wuri.

Gidan suka ɓoye maganar gwargwadon iko, domin furodusa ba ya zuba kuɗi a kan jarumar da ba shi da tabbacin za ta gama fim. Ta huta kaɗan ta koma aiki. Lokacin ma kasuwarta ta ɗan ja baya, fina-finanta da dama sun faɗi, har da Naata na 1955 da kamfanin gidansu ya shirya da kuɗinta. Wanda ya farfaɗo da ita shi ne fim ɗin barkwanci na Guru Dutt, Mr. & Mrs. '55. Masu kallo suna ta dariya, ba su san abin da ke cikin ƙirjinta ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma tata fuskar ba ta taɓa tona mata asiri ba.

Shari'ar Naya Daur

A 1956 furodusa B. R. Chopra ya ɗauki Dilip Kumar da Madhubala a fim ɗin Naya Daur, labarin mai keken doki da ya shiga tsere da motar bas. Ya ba da kafin alƙalami na kimanin rupi 30,000, aka yi kwanaki ana ɗauka a Bombay. Sai Chopra ya ce za a tafi lokeshan wajen Bhopal a yi makonni. Ataullah Khan ya ce 'yarsa ba za ta je ba, wurin ba shi da tsaro ga mata. Ɓangaren Chopra suka ce ba wannan ba ne, yana dai gudun ta yi nisa da shi ne tare da Dilip.

Chopra ya cire ta ya sa Vyjayanthimala, ya kuma buga talla a jarida da sunan Madhubala an soke shi da alƙalami. Uban ya rama, ya buga jerin fina-finan 'yarsa da sunan Naya Daur a soke. Daga nan sai kotu. Aka yi watanni ana shari'a, jama'a na cika harabar don su ga taurari, jaridu na bugawa kullum.

A nan abin ya lalace. Aka kira Dilip Kumar shaida, ya tsaya ya goyi bayan Chopra, ya ba da shaidar da ta saɓa wa Madhubala da mahaifinta, tana zaune tana ji. An ruwaito cewa a cikin wannan shaidar ce kuma ya faɗa wa kotu yana sonta kuma zai ci gaba da sonta har ya mutu. Ku duba fa, furucin da kowace budurwa ke so ta ji, ita sai ta ji shi a gaban alƙali, daga bakin mai ba da shaida a kanta. Naya Daur ya fito a 1957 ya yi kasuwa, Chopra ya janye ƙarar, amma ɓarnar ta riga ta auku.

Kan abin da ya hana auren, kowane ɓangare da nasa bayanin. Dilip Kumar, a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2014, ya ce uban bai ƙi auren ba, murna ma ya yi, sai dai ya mai da shi harkar kasuwanci: yana so manyan taurari biyu su dawo ƙarƙashin kamfaninsa su riƙa yi masa fim. Shi kuma ya ce ba zai miƙa wa kowa ragamar zaɓen aikinsa ba. Ƙanwarta kuma ta ce bayan shari'ar Dilip ya dawo da maganar aure, Madhubala ta ce ta yarda, sharaɗinta ɗaya ne, ya je ya ba mahaifinta haƙuri, shi kuma ya ƙi. Marubuciyar tarihinta Khatija Akbar ta kawo wani labarin daga jarumi Om Prakash, wanda ya ce a gabansa Dilip ya nemi ta tashi su tafi a ɗaura aure a ranar, bisa sharaɗin ta rabu da mahaifinta, ita kuwa ta yi shiru har ya fita.

Duk wanda ka ɗauka a cikin ukun, abu ɗaya ne ke fitowa. Maza biyu masu taurin kai, kowanne yana cewa yana sonta, kowanne yana so ta zaɓe shi ta bar ɗayan. Mu Hausawa mun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma na sha tunanin da Dilip ya taka ya je ya gaida dattijon nan, da wataƙila tarihin ya sauya. Amma kuma uban da ya ga 'yarsa tana aman jini, ya ci gaba da karɓar kafin alƙalami da sunanta, shi ma akwai tambayar da zai amsa. Ita dai tana da shekara 23 zuwa 24 ta yanke hukuncin da ya fi kowanne nauyi a rayuwarta: ba za ta juya wa iyayenta da ƙannenta da ke ci a hannunta baya ba.

Mughal-e-Azam

Wahalar ita ce aiki bai ƙare tsakaninsu ba. Tun farkon shekarun 1950 darakta K. Asif ya ɗauke su a Mughal-e-Azam, labarin Yarima Salim ɗan Sarki Akbar da ya kamu da son baiwa mai rawa a fada, uban ya ce ba za ta saɓu ba. Prithviraj Kapoor ne ya fito a Akbar. Fim ɗin ya ci kusan shekara goma ana yi, ya lashe sama da rupi miliyan 10, kuɗin da ba a taɓa kashewa a fim ɗin Indiya ba kafin nan. Sun fara shi suna masoya, suka gama shi ba sa magana.

Akwai wurin da yarima ke shafa fuskar Anarkali da gashin tsuntsu, muryar Bade Ghulam Ali Khan na tashi daga nesa. Har gobe ana lissafa shi cikin wuraren soyayya mafi kyau a fina-finan Indiya. Dilip da kansa ya rubuta cewa lokacin da aka ɗauki wurin ko sallama ba ta haɗa su. Ga kuma sarƙa. K. Asif ya ƙi yarda da ta roba ko ta gwangwani, ya sa aka kawo ta ƙarfe mai nauyi, tana ja tana faɗuwa, fatarta na kurjewa, alhali likitoci sun hana ta aikin wahala. Haka ta yi rawar nan ta cikin ɗakin madubai, wurin da aka ɗauka da kala a fim ɗin da yawancinsa fari da baƙi ne, inda baiwa ta tsaya gaban sarki ta bayyana soyayyarta ba tsoro.

A tsakanin nan kuma ba ta zauna ba. A 1958 kaɗai ta yi Kala Pani da Dev Anand, da Howrah Bridge da Ashok Kumar, da Chalti Ka Naam Gaadi, duk suka yi kasuwa. Mughal-e-Azam ya fito ranar 5 ga Agusta, 1960, a sinimar Maratha Mandir ta Bombay, kuma ana lissafin babu fim ɗin da ya kama ƙafarsa wajen kawo kuɗi sai da Sholay ya zo a 1975. A shekarar kuma Barsaat Ki Raat ya fito. Tana da shekara 27, ta kai ƙololuwa, jikin kuma ya ce ya gaji.

Aure, Landan, da shekara tara a kwance

A 1960 ta auri mawaƙi kuma jarumi Kishore Kumar, ƙanen Ashok Kumar, abokin wasanta a Chalti Ka Naam Gaadi. Shi ba Musulmi ba ne, ya kuma taɓa aure ya rabu, don haka auren ya sha surutu ta kowane ɓangare. Mutane da yawa na ganin huce haushi ne, wasu na cewa mutum ne mai ban dariya, ita kuma tana buƙatar wanda zai sa ta dariya. Bayan ɗaurin aure suka tafi Landan ganin likita. Likitocin suka ce lokacin tiyata ya wuce, suka yi mata kiyasin shekara biyu.

Ta yi tara. Zaman gidan miji bai daɗe ba ta koma gidan mahaifinta a unguwar Bandra. Ƙanwarta ta ce Kishore yakan leƙo jefi-jefi, amma shi ya riƙa ɗaukar nauyin magani. Jikinta ya riƙa tara jini fiye da kima, yana fita ta hanci da baki, likita na zuwa gida yana ɗiba, ga tukunyar iska kullum a gefen gado. Ta rame har ba ta son a zo a gan ta. Fina-finan da ta riga ta yi suka ci gaba da fitowa, irin su Half Ticket a 1962 da Sharabi a 1964, masu kallo na ganinta tana tsalle a majigi alhali tana kwance. A tsakiyar shekarun 1960 ta yunƙura ta koma aiki don ta ƙarasa fim ɗin Chalaak tare da Raj Kapoor, jiki ya ƙi, fim ɗin bai taɓa kammaluwa ba. A 1966 labari ya iso mata cewa Dilip Kumar ya auri Saira Banu.

Ta rasu ranar 23 ga Fabrairu, 1969, kwana tara bayan ta cika shekara 36. Aka yi mata sutura aka binne ta a maƙabartar Musulmi ta Juhu. Ƙanwarta ta ce Dilip yana Madras lokacin, ya taso a gurguje, amma kafin ya iso an riga an rufe ta. Shi ya rayu har zuwa watan Yulin 2021, ya rasu yana da shekara 98.

Ta bar fina-finai sama da 60. A 2004 aka sake fitar da Mughal-e-Azam da kala gaba ɗayansa, ya sake cika sinimomi, a 2008 kuma hukumar gidan waya ta Indiya ta buga kan sarki da hotonta.

Duk sanda na bi ta kasuwa na ga yarinya 'yar shekara tara da farantin talla a ka, wadda na san da cinikinta za a ɗora tukunya a gidansu, sai Baby Mumtaz ta faɗo mini a rai. Tata sana'ar ta kawo motoci da suna har Amurka, amma ranar da ta zo da abin da take so ita ma, ba a samu wanda ya sassauta mata ba.

Shekarun baya da na je gaida gwaggo, lokacin tsufa ya kama ta, na kwashe wannan labari na ba ta. Ba ta san Anarkali Musulma ba ce, ba ta kuma san sunanta Mumtaz ba. Ta yi shiru jim, sannan ta tambaye ni ko ta haihu, na ce a'a. Sai ta ɗaga hannu ta yi mata addu'a, ta ce in na rubuta in roƙi masu karatu su ma su sa ta a tasu. To ga shi na isar. Allah ya jiƙan Mumtaz, ya gafarta mata, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara.